Tanti Hadiza, Wadda Ta Mayar da Ni Bisa Ƙafafuna

Ina cikin jera atamfofi a shagona na Babbar Kasuwa, da hantsin ranar Talata, wayata ta yi ƙara. Nana ce, ɗiyar Tanti Hadiza ta fari. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya Balkisa, Mama ta cika ɗazu. Za a yi sutura bayan azahar." Na yi salati, na zauna bisa dilar kaya. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Tanti Hadiza ba ƴar'uwata ba ce ta jini. Ƴar asalin Damagaram ce, mazauniyar unguwar Yantala, kuma aikinta shi ne kine, wato koya wa gaɓoɓin da suka yi rauni motsi bayan lokotoro, likitan ƙashi, ya gama nasa aiki. Na san ta ne a shekarar da moto, wato babur, ya kayar da ni a bakin kwalta, idon sawuna na dama ya karye. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe da kusoshi, aka ɗaure ƙafar tsawon makonni. Ranar da aka kwance ɗaurin, na dubi ƙafar ban gane ta ba: ta rame, ta sandare, fatar ta yi duhu. Nan aka tura ni wurin Tanti.

Ba mace ba ce mai yawan lallashi. Ranar farko ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafata bisa cinyarta, ta tambaye ni, "Mene ne kika fi kewa, kasuwa ko girki?"

Na ce, "Tanti, sujada. Tun ranar da na faɗi bisa kujera nake salla."

Ta latsa wurin ɗinkin a hankali, sannan ta ce, "To, can za mu nufa. Amma ba yau ba, ba kuma wata mai zuwa ba. Kar ki ce ban faɗa miki ba."

Muka fara da abin da nake gani kamar wasan yara. In zagaya tawul a tafin ƙafa in jawo. In mirgina kwalba da sawu. In tsinci ƙananan duwatsu da yatsu in zuba cikin kwano. Idan ta lanƙwasa gaɓar da hannunta har hawaye suka zubo mini, ba ta tsayawa nan take, ba ta kuma wuce inda ta san zan iya jurewa. Takan ce, "Ciwon da ya tafi bayan kin huta, namu ne. Wanda ya kwana ya tashi da ke, shi za ki kawo mini ƙararsa."

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne taka ƙasa. Lokotoro ya duba hoton ƙafar ya ce ƙashi ya haɗu, amma da na zo ɗora nauyi sai jikina ya ƙi. Ina riƙe da ƙarafunan nan biyu da ake bi tsakaninsu, ƙafar tana rataye. Tanti ta tsaya gabana ta ce, "Ƙashin ya gama nasa, Balkisa. Saura ke. Daina kallon ƙasa, dube ni." Na dube ta, na sauke ƙafar. Ban ji ta karye ba. Na fashe da kuka, ita kuwa sai ta ce, "Madalla. Sake."

Duk da haka ba ta son gaggawa. Lokacin bikin ƙanena na so in ajiye sandunan dogarawa don kada a gan ni da su cikin mutane. Ta ɓata rai sosai. "Mutanen biki za su watse da magariba," in ji ta, "ƙafar kuwa da ita za ki tsufa." Da sanduna na je bikin.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya tare hanyar unguwarmu ta Bobiel, taksi ya daina shigowa, na fasa zuwa wurin Tanti. Ranar Asabar, wadda ba ranar aikinta ba ce, sai ga ta da sallama, takalmanta a hannu, laka har ƙauri. Ta ce gaɓa ba ta san damina ba. A tsakar gidanmu, ranar nan, ta shimfiɗa darduma, ta naɗe zani ta sa ƙarƙashin sawuna, ta riƙe kafaɗata har na durƙusa, goshina ya taɓa ƙasa. Na daɗe a haka. Da na ɗago, ta juya baya tana gyara mayafinta, ba ta so in ga fuskarta.

Bayan ta bar aiki, ciwon sukari ya kwantar da ita, har tafiya ta gagare ta. Na je duba ta a Yantala, ina jin nauyin shiga da ƙafafuna wurin wadda ba ta iya tashi. Ita kuwa sai ta ce, "Tafi har bakin ƙofa ki dawo in gani." Na tafi na dawo. Ta ce, "Har yanzu kina tausaya wa ta dama. Bar ta ta yi aikinta." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

A wurin zaman makoki, ina cire takalmi, wata dattijuwa da ban sani ba ta ga tabon ɗinkin. Ta ɗan ɗaga zaninta ta nuna mini nata a gwiwa. Muka zauna kusa da juna har la'asar.

Allah ya jiƙan Tanti Hadiza, ya gafarta mata kurakuranta, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ya haskaka kabarinta, ya tabbatar da dugaduganta ranar ƙetare siraɗi. Nana da ƙannenta da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya haɗa kanku, ya zama gatanku. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.