Tudun Rabe

A Funtua, idan mota ta kaɗe mutum, waɗanda suka san gari ba lauya suke fara nema ba, Malam Rabe suke nema. Malantar dai ta rawani ce, don ko izu biyu bai haɗa ba, amma Allah ya yi masa baki. Da bakin nan ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya huɗu, kuma fartanya ba ta taɓa yi masa kanta a hannu ba, alhali a tsakiyar manoma aka haife shi.

Da dillancin hatsi ya fara a kasuwar Bakori, yana shiga tsakanin mai masara da mai saye har kowa ya tafi yana ganin shi ya yi wa ɗan'uwansa wayo. A nan Alhaji Abdulmutallib, babban ɗan kasuwar hatsi mai manyan motoci, ya gano shi. Wata rana ɗaya daga cikin motocin Alhaji ta take wani mai babur a hanyar Dandume, dangin mamacin suka ɗauki zafi, aka rasa mai zuwa gaisuwa. Rabe ya ce a bar masa. Ya je ya durƙusa, ya yi kuka har da majina a kan mutumin da sai a cikin mota ya tambayi sunansa. Ya ce kwana ne ya ƙare, ya ce wanda ya yafe Allah zai yafe masa. Kafin la'asar uban mamacin ya dangwala yatsa a takardar yafiya, aka kai ofishin 'yan sanda, aka saki mota da direba. Tun daga ranar sana'a ta samu.

Kuma ya ƙware, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Yana da wata tsohuwar riga mai ruwan toka da ya ware don zuwa gaisuwa kawai, wai kada a gan shi fes a ce bai damu ba. Yana da ƙa'ida guda da yake alfahari da ita a majalisa: kada ka kula uwa, kada ka kula miji, su zuciyarsu a kusa take. Ka nemi dattijon gidan, ka tsare shi a gaban jama'a, ka ambaci Allah sau uku. Dattijo ba ya iya cewa bai yafe ba mutane suna kallonsa. Shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki, bai taɓa dawowa da takarda babu yatsa ba. Iyalai nawa ya bari da maraici da buhun shinkafa guda, shi ma bai sani ba, don ba ya waiwaye.

Ana nan sai Zaharaddeen, babban ɗan Alhaji, ya dawo daga karatun waje. Takardar kammalawa dai ba wanda ya gani, amma mota kowa ya gani. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ko rabin buhun masara ba shi da wurin zama a ciki. Amfaninta ɗaya, gudu. Idan ya taka ta, kaji sai su watse a cikin gidaje. Aikinsa kullum shi ne ya tashi daga Funtua zuwa Malumfashi yana duba agogo, ya ɗauki hoton allurar gudun ya tura wa abokansa, su yi ta yi masa kirari kamar ya ci yaƙi.

Motar tana da wata na'ura a goshinta, wadda idan ta hangi mutum ko dabba a gaba sai ta yi ƙara ta kama birki da kanta. Waɗanda suka ƙera ta ba su san hanyarmu ba. A nan akuya ce, babur ne, amalanke ne, mai tallan rake ne, don haka na'urar ba ta yin shiru, kuma ba ta barin yaron Alhaji ya sake. Abin ya ishe shi. Rabe ne ya ce ya san wani mai gyaran wayar mota mai hannu, shi ne ya raka shi, yana tsaye yana taunar goro aka zare wayar. Har ya sa albarka.

Saura matsala ɗaya, Tashar Kuɓewa. Ƙauye ne da kwalta ta raba biyu tsakanin Bakori da Malumfashi, gidaje a hannun dama, rijiya da gonaki a hannun hagu. Da kaka kuma a gefen kwaltar suke shanya masara, don nan ne babu ƙasa babu tsakuwa, kuma tana bushewa da wuri. Shekarun baya wata mota ta kashe musu tsoho, sai samarin garin suka ɗebo jar ƙasa da duwatsu suka yi tuddai uku a kan hanya. Direbobi su zo su rage gudu, su yi zagi, su wuce, kuma tun daga lokacin ba a sake ɗaukar gawa a wurin ba. Jar motar ce kaɗai ba ta iya hawa. Sai ta karkace, ta bi a gicciye kamar kaguwa, cikinta yana gurzar dutse, matan da ke shanya suna rufe baki da gyale suna dariya. Wannan dariyar ce Zaharaddeen ya kasa haɗiyewa. Ya kai ƙara wurin ubansa, uban ya aika a kira Rabe.

"Malam Rabe, an ce kana da 'ya a garin nan," in ji Alhaji.

"Autata Asma'u, ranka ya daɗe. Mijinta Awaisu ma shi ne shugaban samarin."

"To ashe gida ne. A kwashe tuddan nan, suna lalata wa yaro mota."

Rabe ya ce an gama. Ko a ransa bai ce bari ya yi tunani ba. Abin da ya hango shi ne yadda za a ce abin da ya gagari kowa Rabe ya yi shi da yini ɗaya.

Ranar Laraba da hantsi ya sauka a garin, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Ya fara da cewa tuddan ba bisa doka suke ba, wata rana hukuma za ta zo ta kwashi samari. Ya ce Alhaji mutum ne mai alheri, kuma yana tunanin haƙa musu rijiyar burtsatse. Mai unguwa, tsoho mai sanyin hali, ya ce, "Malam, mu fa tsoronmu rai. Yaron nan gudu yake kamar an koro shi."

Rabe ya yi murmushin wanda ya san duniya. "Ranka ya daɗe, ai wannan mota ba irin wadda kuka sani ba ce. Ido gare ta. Ko kaza ta gani a gabanta, da kanta take tsayawa, ko direba ya so ko bai so ba. Ni na gani da idona."

Ya gani da idonsa kam.

Duk taron mutum ɗaya ne zai iya tsayawa ya ce a'a, shi ne Awaisu, don da hannunsa aka yi tuddan. To amma mai maganar surukinsa ne, uban matarsa. A ƙasar nan wa zai ɗaga kai ya musa wa surukinsa a gaban dattawa? Awaisu ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma, samari suna kallonsa suna jiran ya yi magana, bai yi ba. Rabe ya san haka za a yi, don haka ma ya karɓi aikin da ƙarfin gwiwa.

Da ya shiga cikin gida shan ruwa, Asma'u ta durƙusa ta gaishe shi, goyonta a baya. Sannan ta ce, "Baba, a daidai wurin nan fa muke shanya. Don Allah a bar ko guda ɗaya."

"Ke Auta, me kika sani game da mota?" ya ce yana dariya. Yana son yarinyar nan, wannan gaskiya ne, duk cikin 'ya'yansa ita ce yake saya wa tsire ya ɓoye a aljihu tun tana ƙarama. Amma son bai kai ya sa ya koma wa Alhaji hannu rabbana ba. Washegari samari suka fito da diga da shebur, suka kwashe tuddan uku ƙaf. Rijiyar burtsatse kuwa har yau ana tunaninta.

Kwana goma sha tara aka yi. Rana ta ashirin, bayan azahar, mata suna gefen hanya suna juya masara, jar motar ta taso daga wajen Bakori. Zaharaddeen ya zo wuce wata bas, sai ga babur a gabansa, ya murɗe sitiyari, tayar ta hau kan ƙwayar masara ta zame. Waɗanda suka gani sun ce ƙarar kawai suka ji. Motar ta tsaya a jikin wata bishiyar darbejiya, gabanta ya shige ciki, jakunkunan iska farare suka kumbura suka rungume ɗan Alhaji ta ko'ina. Ya fito da ƙafarsa, ɗan ƙwarzane a goshi, yana tambaya ina wayarsa. Lallai masu ƙera motar sun yi aiki, sun tsare ran wanda ya saya.

Rabe yana majalisa Alhaji ya kira shi. "Sa rigarka, an sami matsala a Tashar Kuɓewa. Mace ɗaya ce." Ya tashi ya shiga gida ya sa rigar mai ruwan toka. Bai tambayi suna ba, ai sai a mota yake tambaya. Yana naɗa rawani wayarsa ta sake ƙara, ya ga Awaisu ne. Abin da ya ji kawai shi ne, "Baba, Asma'u ce." Goyon ya tsira, don ta kwantar da shi a inuwa kafin ta fita shanya.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo da tawagarsa, da buhun shinkafa da jarkar mai a bayan mota. A hanya an riga an gama rabon laifi: taya ce ba ta da kyau, masu motar ne suka yi ta da santsi, mutanen ƙauye ne da shanya a kan hanyar gwamnati. Wanda ya taka totur kaɗai ne ba shi da laifi, yana Kaduna yana hutawa, wai ya firgita. Sai dai yau tawagar ba ta da baki, don bakin nata yana zaune a kan tabarmar masu karɓar gaisuwa. Dole Alhaji ya yi da kansa. Shekara ashirin yana jin ƙa'idar, don haka bai kalli Awaisu ba, ya wuce kai tsaye gaban dattijo.

"Malam Rabe, wannan abu... wato abin da ya faru... dukkanmu dai..." Alhaji ya laluba ya rasa. Mutum ne da ya saba ba da umarni, bai taɓa roƙon kowa ba.

"Kwana ne ya ƙare," in ji Rabe a hankali.

Ba wanda ya tambaye shi. Bakin ne ya ga aiki yana lalacewa ya kasa haƙuri. Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Shi ke nan, kwana ne ya ƙare," aka miƙo takarda da tawada. Rabe ya duba hagu ya duba dama, ya ga duk garin shi suke kallo, kuma an ambaci Allah sau uku. Ya dangwala.

Awaisu bai musa ba, har yanzu Rabe surukinsa ne. Ya miƙe daga kan tabarma, ya shiga gida ya fito da diga, ya nufi kwalta. Samari suka bi shi. Kafin tawagar ta gama addu'a sun tayar da tudu guda ɗaya, babba, a daidai inda masarar ta zube, har motar Alhaji sai da ta hau shi da rarrafe kafin ta fita garin.

Ba a sake kiran Rabe gaisuwa ba. Alhaji ya ce ganinsa yana tayar masa da hankali, ya sami wani mai bakin. Zaharaddeen an ce ya sake mota, wannan karon mai tsayi. Tudun yana nan, duk damina samari suna ƙara masa ƙasa, kuma ba wanda ya zauna ya raɗa masa suna, direbobi ne kawai suka fara tambaya, "Akwai mai sauka Tudun Rabe?" Yanzu har waɗanda ba su san labarin ba haka suke kiran wurin.

Duk ranar Juma'a tsohon yakan shiga bas daga Funtua ya je ganin jikansa, da tsire a aljihu. Idan an kusa, direba ya tambayi mai sauka Tudun Rabe, sai mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya kafa wa takalminsa ido. Motar ta hau tudun ta sauka, ta wuce da shi. Sai an kai gadar da ke gaba yake cewa a tsaya, ya sauka, ya dawo da ƙafa ta gefen kwalta, yana raɓe masarar da aka shanya.