Ranar da Na Kashe Musun Filin Wasa

"Filin wasan jami'a ai cikin jami'a za a gina shi!" in ji Ɗanjuma direba. Tela ya ce sam, sai dai bakin gari, tunda kuɗin gwamnati na kowa ne.

Majalisar ƙofar gidanmu ke nan a Malali, shekarun saba'in. Ban daɗe da gama jami'ar ba aka turo ni Kaduna aiki, ban san kowa ba. Kwana uku ina jin musun nan ta taga, ina neman hanyar shiga.

Ran na huɗu na fito da jarida. Na yi sallama, na karanta musu sanarwar gwamnati kan filin daga farko har ƙarshe: ba a zaɓi wuri ba, ba a ma ware kuɗi ba.

Na ninke jaridata.

Ɗanjuma ya ce, "To Malam, ka kyauta. Gobe kuma musun me za mu yi?"

Daga ranar ana gaishe ni da girmamawa, amma ba wanda ya taɓa matsa mini a benci. Shekarar nan ni kaɗai na saurari ƙwallo a rediyo.

Gaskiya fa na faɗa. Ku da yaya za ku yi?