Kanta da Kusurwar Gabas ta Mangaza

Ranar Talata, 9 ga watan Mayu 1978, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kanta ɗan Inde a gidansa na Safo. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Shekara bakwai ke nan ina riƙe da wata magana da ya kamata in faɗa tun yana jin kira, ban faɗa ba. Da aka kai shi bayan azahar na duba ko wani ya zo daga mangazar haɗin gwiwar manoma ta Madarumfa, inda ya yi shekara goma sha ɗaya yana ajiyar kayan jama'a. Ni kaɗai ne, sai wani tsohon mai dako. Ko takardar gaisuwa biro, wato ofishinmu, bai aiko ba.

Kanta, yau da kai zan yi magana, tunda masu rai ba su da kunne.

Na same ka a mangaza a 1962. Na fito lakol, wato makarantar boko, a Maraɗi, na ƙara a Yamai, ina tsammanin babban matsayi, sai aka turo ni bakin tafki a matsayin komi, mai rubuta takardun biro. Kai ko harafi ɗaya ba ka sani ba. Gidanku masu gina rumbu ne tun kaka da kakanni, kuma da wannan ilimin ka shigo. Kowace safiya kana isowa ka cire takalmi a ƙofa, ka taka daɓen simintin daga bango zuwa bango, a hankali. Na ɗauka ɗabi'ar ƙauye ce. Sai daga baya na gane da tafin ƙafarka kake jin inda ƙasa ta yi gumi.

In kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya, ko jakai suka iso, ba ka barin a sauke buhu sai ka yi tambayoyinka. Daga wane gari? Yaushe zai fita? Wa zai zo ɗauka, mai mota ko mai jaki? Sannan ka tura hannu cikin buhu, ka ciro ƙwaya, ka ciza. Abin da zai fita da wuri yana bakin babbar ƙofa. Na masu jakai yana ƙaramar ƙofa, don kada mutanen Gabi su kai rana tsaka suna jira. Wake ba ya kwana kusa da hatsi saboda ƙwari. Irin gyaɗa, wanda manoma ke kawowa da kaka su karɓa in damina ta gabato, yana tsakiya, bisa katako, inda iska ke ratsawa. Kusurwar gabas kuwa, wadda ke fuskantar tafki, ba ka taɓa sa mata abin da ake ci ko ake shukawa ba. Ƙarafan garma da gangunan da ba komai ciki, su kaɗai ne 'yan wannan wuri.

Ina tuna watana na farko, lokacin da na sa masu dako suka jera gangunan kananzir jikin buhunan hatsi don in nuna ni ma ina da iko. Ba ka yi mini gardama gabansu ba. Sai da na je cin abinci ka sa aka kwashe, da na dawo ka ce, "Mushe Sa'idu, mutanen Gabi tuwo suke so, ba fitila ba." Ka yi dariya, ka miƙo mini goro, maganar ta ƙare nan. Haka ka rufa mini asiri sau da yawa. Da wata tsohuwa Maimuna ta kawo wakenta da ƙwari a ciki, da wani ne da ya kore ta. Kai sai ka shimfiɗa mata tabarmi a rana bayan mangaza, kwana uku kana juya shi da kanka, sannan ka karɓa.

A 1970 aka kawo mana sabon shef, wato shugaba, daga birni. Ya ce ba zai yiwu mangaza guda ta zauna cikin kan mutum ɗaya ba, in mutumin ya mutu fa? Ba ƙarya ya yi ba, amma maimakon ya zauna ya tambaye ka, ni ya kira. Ya ce in zana taswira, in raba daɓen gida-gida, kowane da harafi da lamba. Doka ɗaya ce: kayan da suka shigo su tafi gidan farko da babu kowa, ko mene ne su. Kwana uku na yi ina zane. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Shekara takwas ba wanda ya nemi abin da na koya a lakol sai ranar. Aka ja layuka da farin fenti, aka manna taswirar a bango. Ka tsaya kana kallonta, ka ce, "Mushe, aikin ya yi kyau. Amma lambar nan taka tana da ƙafa? Da me za ta ji sanyin ƙasa?" Shef ya ce daga yau ka riƙa sa takalmi, nan wurin aikin hukuma ne.

Da irin gyaɗa ya fara shigowa a watan Nuwamba, tsakiya ta riga ta cika da buhunan takin zamani, domin su suka fara isowa. Gidajen da suka rage su ne na kusurwar gabas. Ka ce ba za ka sa iri can ba. Shef ya ce taswira ba ta shawara da kowa. Ka same ni a biro, ka tsaya bakin ƙofa, ka ce, "Mushe, ku ne masu yare ɗaya da shi. Faɗa masa da faransanci, ƙila ya ji. Tafki ya cika bana, wurin nan gumi yake." Na ce maka zan duba. Ban duba ba. Na ji kunyar in ce zanena yana da aibi, kuma mutumin da bai iya karatu ba ne ya gano shi.

Ka nemo guntayen katako ka sa a ƙasa, ba su isa ba. Cikin watan Mayu, da manoma suka zo karɓar irinsu, aka ɗaga buhunan sama sai wari ya buso. Fumfuna ta cinye daga ƙasa har rabin tsibin, wanda ya rage kuma ƙwayar ta yi laushi. Maza suka tsaya da jakansu a rana.

Aka aiko mai bincike. Da safen ranar shef ya cire taswirar daga bango ya ba ni, na naɗe ta na sa aljihu. Mai bincike ya tambayi wa ke zaɓar wurin ajiya. Shef ya ce aikin mai mangaza ne. Ka juyo ka dube ni, Kanta. Takardar tana ƙirjina, ina jin tsininta, na sunkuyar da kai. Ka cire takalman da suka tilasta maka, ka ajiye su bisa layin fenti, ka fita.

Shef ya samu ci gaba, yana birni. Ni ina nan kan teburin da aka ba ni shekara goma sha shida da suka wuce, kuma ban cancanci wani ba. Kai ka koma Safo kana gyara wa mutane rumbu, ana nuna ka a kasuwa ana cewa ga wanda ya ruɓar da iri. Duk sanda muka haɗu kai ke fara gaishe ni, har ka tambayi iyali. Da ma ka zage ni. Yanzu a kusurwar gabas ƙarafan garma suke ajiyewa, sun ce wani masani ne ya ba da shawara.

To ga shaidata, mutanen Safo da Gabi su ji: Kanta bai ruɓar da irinku ba. Ya hana, aka ƙi. Ni Sa'idu na zana taswirar, tana hannuna, wanda ke son gani ya zo.

Allah Ya jiƙanka, Kanta, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa amanar da ka riƙe ta zama haske gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Ɗelu, da 'ya'yanka Haruna da Safiya, waɗanda suka tashi da abin kunyar da ba na ubansu ba. Allah Ya ba ku haƙuri. Ban ce ku yafe mini ba.

Buhu ɗari huɗu da goma sha biyu na iri suka lalace. Ƙauyuka goma sha huɗu ba su shuka gyaɗa ba a daminar 1971, samarinsu da yawa suka ƙetara Najeriya neman abinci. Shekara takwas na yi kusa da kai da alƙalami a hannu, ban rubuta ko layi ɗaya na abin da ka sani ba. Ranar Talata aka binne shi tare da kai.