Oba-obar Baffa da Na Sayar a Kan Sikeli

Riyal talatin na sayar da ita. Da wannan na fara, don kada wani ya ɗauka wanke kaina na zo yi. Mai tura kura da ke bin lungunan unguwarmu Ruwais yana sayen tsoffin ƙarafa ya ɗora ta a sikeli tare da matacciyar fanka, ya ce talatin, na ce kawo.

Ta Baffana ce, ƙanen mahaifina, wanda ya kawo ni Jidda ina saurayi. Ba rediyon jin labarai ba ce, ta magana ce, irin wadda ake girkewa a ɗaki a kafa mata doguwar eriya a kan rufi. Larabawa na ce mata lasilki, masu gyara na cewa si-bi, mu kuwa oba-oba. Gefunanta katako ne, gabanta ƙarfe mai sheƙi da allurai biyu da ke rawa in mutum ya yi magana. Baffa yana kula da tankokin ruwa uku da sunan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takarda, direbobin duk Hausawa, kowa da ƙaramar tasa a mota. Babbar tana ɗakinmu, ni ne a gabanta daga asuba zuwa la'asar. Wanda ruwan gidansa ya yanke sai ya bugo wayar kantin da ke ƙasa, a aiko mini, ni kuma in danna makirfo in ce, "Wa ke kusa da unguwar Safa?" Da Hausa muke komai. Sauran masu tanka suna jin muryarmu sarai, amma ba sa jin Hausa, ba su san gidan da za a je ba, balle su riga mu. Shekara bakwai da ita muka ci abinci.

Da wayar hannu ta shigo, kafili ya sayar da motocin, takardar Baffa ta ƙare, ya haɗa kayansa ya koma Kano. Ranar tafiya ya dafa oba-obar ya ce, "Ɗana, ka riƙe mini wannan, wata rana zan aiko." Na ce to, Baffa.

Ba a yi shekara biyu ba aka fara raɗe-raɗin za a shiga gida-gida bincike, kuma duk wanda aka kama da na'urar magana ba lasisi, ɗan leƙen asiri za a kira shi. Ba wanda ya ga takarda, ba wanda ya san wanda aka kama. Amma rabin mutanen gidanmu Umra suka zo suka zauna, ba iƙama, wato takardar zama, motsi kaɗan sai su firgita. Wani tela da ke hawa na biyu ya mai da ƙofata wurin zuwa. "Malam, ka rabu da abin nan, kar ka jawo mana. Muna da 'ya'ya fa!" Safe ya zo, yamma ya zo, har matarsa ta shiga wa tawa da kuka. Na sauke eriya, bai ishe su ba. Na tura ta ƙarƙashin gado, suka ce ai nan ake fara dubawa. Ni ma tsoron ya kama ni har na sayar, ba zan ɗora musu laifin duka ba. Binciken kuwa har yau bai zo ba.

Sai bayan wajen shekara goma, wata Juma'a, Baffa ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "Oba-obar nan, ka nemi mai tahowa ka ba shi. Ina son ganin ta kusa da ni."

"Tana nan, Baffa," na ce, "lafiyarta ƙalau."

Wallahi kafin in yi tunani maganar ta fita. Da na ajiye wayar na ce wa kaina ai abu mai sauƙi ne, abin da aka sayar a kan sikeli, gobe in shiga Haraj, kasuwar tsoffin kaya, in ɗauko irinta da riyal ɗari.

Na shiga Haraj na sha mamaki. Rumfa bayan rumfa, babu. Waɗanda a da suke jibge su kamar tsoffin takalma, yanzu in ka tambaya sai su dube ka sama da ƙasa, su ce, "Kai ma?" Ashe samarin da ke fita sahara da manyan motoci sun dawo mata, masu kuɗi kuma sun fara jera tsoffin kaya a ɗakin baƙi don a gani. Abin da muka zubar don tsoro, shi ake goge wa ƙura ana kunna masa fitila. Na samu wata a rumfar wani dattijo, ya ce ɗari takwas. Na ɗaga ta na ji ba nauyi, na leƙa ta baya, fanko ce, an kwashe cikin kaf. Na ce, "Ya ammi, ai ba komai a ciki." Ko a jikinsa ya ce, "Wa zai kunna? Kallo ake yi." Haba! Ɗari takwas kuɗin gwangwani?

Aka yi mini kwatancen wani a unguwar Madain Fahd. Tasa da ciki, amma fuskar ta tsage, ya ce dubu da ɗari biyu, kuma ba gwaji, in ka ɗauka halas, ba mayarwa. Na ce in biya dubu da ɗari biyu ban ji ko shuuu ɗinta ba? Ya ce, "Yalla, akwai masu jira." Na fito ina zage-zage ni kaɗai a titi kamar taɓaɓɓe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne telan nan. Ya ji labarin farashi, ya tare ni a matakala yana murmushi. "Kai Malam, ka yi asara. Ai da ka ajiye taka da yanzu ka warke." Na tsaya ina kallon bakinsa. Bakin nan da ya hana ni sakat wata guda! Ban san sanda na cakumi wuyan rigarsa ba, sai da aka raba mu. Har ya bar gidan ba mu sake gaisawa ba, kuma ban yi nadama ba.

Duk Juma'a kuwa Baffa na kira, ni kuma ina ƙera sabuwar ƙarya. Yau mai tafiyar kayansa sun yi yawa, gobe ina neman kwali mai ƙwari, jibi ana tsananta bincike a filin jirgi. Shi dai sai ya ce, "To, Allah ya kawo mai ɗauka." Wata biyar muna haka.

A Safa na same ta, a gidan wani matashi mai saye da sayarwa. Katakon nan, allurai biyun nan, sak. Kowa a Jidda ya san ƙa'idar ciniki: ka taɓa kaya da yatsa ɗaya, ka yamutsa fuska, ka nufi ƙofa. Shekara nawa ina koya wa baƙi wannan. Amma ina ganin ta na durƙusa na kama ta hannu biyu, har da goge mata fuska da hannun rigata. A waya ya ce mini dubu da ɗari biyar. Da ya ga haka sai ya tuna wai akwai wanda ya taya dubu biyu da ɗari huɗu. Sannan ya ɗauki makirfo a juye yana koya mini yadda ake dannawa. Ni! Lokacin da nake tura ruwa unguwar nan, ginin da yake ciki fili ne. Na haɗiye, na biya. Kuɗin da na tara don sauya na'urar sanyaya ɗaki ne, muka ci zafin shekarar nan da fanka, maiɗakina tana tuna mini kowace azahar.

Na naɗe ta cikin bargo biyu na ba wata Hajiya 'yar kasuwa da ke komawa, na biya kuɗin awo. Na yi ajiyar zuciya, na ce an wuce wurin.

Juma'ar da ta biyo baya ya kira.

"Saƙo ya iso, ɗana. Ta yi kyau."

"Alhamdu lillahi, Baffa."

"Na murɗa maɓallin tasha ina ƙirgawa. Arba'in. Tawa ashirin da uku gare ta."

Na zauna a bakin gado. Shekara bakwai ina gabanta, tasha ɗaya muke zaune, ban taɓa murɗa maɓallin nan ba.

"Nawa suka karɓa a hannunka?"

Na faɗa masa.

"Tawa fa?"

"Talatin, Baffa. A sikeli."

 Sannan ya ce, "Ƙarfe ne, ai da ka gaya mini ranar farko da dariya za mu yi. Amma wata biyar, duk Juma'a, kana ce mini tana nan." Ya yi tari. "Ka gaida iyali."

Ya ci gaba da kira bayan nan, muna gaisawa lafiya lau. Sai dai daga ranar, duk saƙon da zai aiko Jidda ko ajiyar da zai bayar, ta hannun wani tsohon direbansa take bi, ni sai dai in ji a bakin mutane.