Kifin Annabi Yunusa da Lissafin Sallah

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Talatar nan ta wajen ƙarshen Oktoba, shekarar 2007, da na ɗaga waya a ofis don wani ɗan aikin minti biyu, na ajiye ta zufa tana keto min. Ku da kuka shigo aikin shirya tafiye-tafiye kwanan nan kuna cewa Anti Zuwaira ta cika naci kan buga waya kafin a yi wa kwastoma alkawari. To, ga inda nacin ya samo asali.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofis a titin Elm, tsakiyar Greensboro, a Amurka. Mu huɗu ne: mai ofishin, Madam Joyce, Ba'amurkiya mai ƙarancin magana, sai mu ejan biyu, sai mai amsa waya. Duk ɗan Nijar ko ɗan Najeriya da ya turo ƙofa, teburina ake nuna masa. Tikitin Yamai, tikitin Kano, Umra da Hajji, su ne abincina, kuma ba yabon kai ba, na iya su. Ƙa'idar ofis mai sauƙi ce. Idan tafiyar yawon buɗe ido ce, ejan zai buɗe fayil, ya kira masu wurin ya tabbatar lokacin ya dace, sannan ya kama otal da mota, Madam ta sa hannu. Ni kam na daɗe da zama 'yar gaban goshi, Madam takan sa hannu a fayil ɗina ba tare da ta buɗe ba.

Ana cikin azumi wata ƙawata Hadiza, mai aikin kula da tsofaffi, ta shigo riƙe da hannun mahaifinta, Malam Hamisu. Daga Damagaram ya zo ganin likitan ido. Likita ya gama bincike ya ce babu aikin da za a yi, ganin da ya rage zai ci gaba da tafiya, wataƙila cikin 'yan watanni. Jirginsa na komawa gida zai tashi daga New York ranar Lahadin ƙarshen Oktoba, bizarsa kuma ba ta da sauran kwana bayan nan.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗiyata, an ce ke ce mai kai mutane inda suke so. Shekara arba'in ina karanta wa mutane ƙissar Annabi Yunusa a zaurena, ban taɓa ganin ko teku ba. An ce a ƙasar nan ana shiga jirgin ruwa a je a ga irin kifin. Ina so in gan shi kafin fitilar ta mutu."

Kifin da yake nufi shi ne wanda ake ce wa wel a nan, mu na Nijar mu ce balen. Ba ya zama wuri ɗaya. Kowace gaɓar teku tana da watanninta da yake zuwa, sauran shekara ko ka kwana a ruwa ba za ka ga komai ba. Wannan ba fannina ba ne, amma na taɓa zuwa sau ɗaya, kuma ina da wani littafi da nake rubuta duk abin da na gani a aiki, ina ji da shi kamar me. Na buɗe, na karanta musu da rubutun hannuna: "Virginia Beach. Sati biyu bayan Ƙaramar Sallah. Mun ga uku." Na lissafa, sati biyu bayan Sallar bana ya faɗa ranar Juma'a da Asabar, daidai kafin tafiyarsa. Na ce, "Baba, an gama. Tafiyar rabin yini ce a mota. In sha Allahu za ka gan shi." Na kama otal, na kama mota, Madam ta sa hannu. Wayar masu jirgin na ce sai an sha ruwa, daga nan kakar Umra ta rufe ni, na manta.

Sai ranar Talatar da na faɗa muku na kira don in kama musu kujeru uku. Matar da ta ɗauka ta ce jirgin wel ba ya fara fita sai ƙarshen Disamba, sai sanyi ya kankama. Yanzu dai dolfin, wani kifi da bai kai wel girma ba, kawai suke kai mutane gani.

Na ajiye wayar, na sake buɗe littafin. A saman shafin ga shekara nan ɓaro-ɓaro: 2001. A wancan karon Sallah ta zo ne a ƙarshen Disamba, mu kuma muka je a Janairu, cikin sanyin da ya kusa cire min kunne. Sallah tana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, wannan ko 'yar firamare ta sani. Cikin shekara bakwai ta baro hunturu ta dawo tsakiyar Oktoba. Ni da na saba da lissafin Umra da Hajji, na ɗauki kifin teku na ɗaura shi a kalandar wata. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar.

Ban gaya wa Madam ba. Na ce zan fita cin abinci, na ja mota zuwa titin Wendover, inda Lawali mijin Hadiza yake aiki a wani sito. Ya fito hutun rana, muka tsaya a wurin ajiye motoci na zayyana masa.

Ya sosa ƙeya ya ce, "Bon, Anti, wannan ai ba problem ba ne. Ki yi bukin, ki kama kujerun jirgin dolfin ɗin. Shi ma ai kifi ne babba, yana tsalle. Baba hannunsa ma da ƙyar yake gani. Mu ce masa ga shi can, ya yi hamdala, ya koma gida da farin ciki. Wa aka cuta?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Ba wanda zai sani. Fayil zai rufu lafiya, sunana ya tsira, tsoho ya ji daɗi. Na dawo ofis, na zauna, har na ɗora hannu a kan wayar. Abin da ya tsayar da ni, na tuna yadda ya juyo da kunnensa wajena lokacin da nake karanta masa littafin nan. Mutumin ba shi da hanyar bincikar maganata. Duk abin da na ce masa, shi zai ɗauka ya kai Damagaram.

Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar Madam Joyce. Na faɗi komai, har da shawarar dolfin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta cire tabarau ta tambaye ni abu ɗaya: "Kin kira su kafin ki kawo min fayil?" Na ce a'a. Ta ce za mu yi wannan maganar ranar Litinin, yanzu in jawo kujera.

Ta shimfiɗa taswira ta yi min karatun da ya kamata in nema tun farko. A wannan gaɓar tamu, in ji ta, da zafi kifayen suna arewa suna kiwo, wajen Massachusetts, daga bazara har Oktoba. In sanyi ya shigo sai su gangaro kudu, a nan ne wasu suke biyowa ta Virginia. Wato a satin nan suna arewa, amma suna shirin tashi, masu jiragen ma suna shirin rufe kaka. Muka raba lambobi. Wuri na farko sun rufe tun makon jiya. Na biyu ba a ɗauka ba. Na uku, a wani garin masunta arewa da Boston, wani mutum mai kaushin murya ya ce suna da fita Juma'a da Asabar, daga nan sai baɗi. Ya ƙara da cewa in iska ta tashi ba ya fita, kuma ko ya fita bai yi wa kowa alkawarin ganin komai ba.

Da la'asar na je gidan su Hadiza da kaina. Canjin ba ƙarami ba ne: dole Malam ya tattara kayansa duka ya bar Greensboro ranar Alhamis, walimar bankwana da 'yan gari suka shirya masa ta rushe, ya hau jirgi zuwa Boston, daga can ya wuce New York. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure." Na faɗa masa yadda aka yi.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ke 'yar Maraɗi ce ko? A garinku akwai manomin da yake shuka gero da lissafin Sallah?" Na ce babu, Baba. Ya ce, "To shi ma kifin manomi ne. Hadiza, ɗauko jakata."

Ranar Juma'a da safe Hadiza ta kira daga bakin ruwa. Iska ta tashi, an soke fita. Ta ce Baba yana zaune a kan benci da bargo, ya ƙi komawa otal, wai yana sauraren teku. Na kira mai kaushin murya na tambaye shi gobe fa. Ya ce shi ba Allah ba ne, in kira da safe. Ranar ban iya haɗa tikiti ko ɗaya daidai ba, sai da abokin aikina ya karɓi kwastomomina.

Asabar rabin yini muke yi. Ƙarfe tara Hadiza ta turo saƙo cewa sun shiga jirgi. Daga nan shiru, don in an yi nisa a ruwa waya ba ta kamawa. Sha biyu ta yi aka rufe ofis, na ce zan tsaya. Madam ta ɗauki jakarta, ta kai ƙofa, ta dawo ta zauna tana juya takardun da na san ba karanta su take ba. Ƙarfe ɗaya. Ƙarfe biyu. Na yi azahar a bayan kabad ɗin fayil, ban san me na karanta ba. Abin da ke cina shi ne, in ba su gani ba, babu wata Asabar. Gobe zai hau jirgi, baɗi kuma ko an kawo shi ba idon.

Uku saura wayar ta yi ƙara. Hadiza ce. Ta ce sun yi awa biyu ba komai. Can sai wani ya ɓullo daga nesa, Turawa suna ihu suna nunawa, Baba yana ta cewa "Ina? Ina yake?" bai ga komai ba, ita kuwa ta fashe da kuka. Sai direban jirgin ya kashe inji, aka yi tsit. Ba a jima ba wani ya taso dab da gefen da suke, ya fesa numfashi har ruwan ya jiƙa musu fuska. Ta ce, "Ga Baba," ta miƙa masa wayar.

Ya ce, "Zuwaira, na gan shi. Ba duka ba, bayansa kawai, baƙi, yana wucewa yana wucewa kamar ba zai ƙare ba. Shekara arba'in ina ce wa mutane ya kai raƙumi uku. Ashe na rage masa. Sai na koma na gyara."

Madam ba ta jin Hausa, amma ta dubi fuskata, ta ɗauki jakarta ta tafi gida.

Ranar Litinin aka yi maganar da ta ce. Wata shida duk fayil ɗina sai ta buɗe ta karanta, kuma a kowanne sai na rubuta sunan wanda na kira da ranar da na kira shi. Ban ji haushi ba, na cancanta.

Abin da na koya, a aikin nan iliminka na bara ba hujja ba ne. Kifi, ƙanƙara, furanni, duk abin da za ka tura mutum ya gani yana da lokacinsa, kuma wanda yake tsaye a bakin ruwan yau ya fi littafinka sani. Na kuma gane cewa kwastoman da ya fi sauƙin yaudara, tsoho, baƙo, wanda bai iya Turanci ba, shi ne wanda ya fi kowa dogara da kai, kuma sau da yawa tafiyar da ya kawo maka ba ta da ta biyu. Malam Hamisu ya koma Damagaram ranar Lahadi kamar yadda aka tsara. Hadiza ta gaya min kafin damina ta sauka idon ya rufe gaba ɗaya.