Ustaza Ruqayya Almu da Dokar Bakin Ruwa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Ustaza Ruqayya Almu a shekarar 1979 Miladiyya, a wani ƙauyen Hausawa da ke yamma da Managil. Mahaifinta, Malam Almu Gado, manomin auduga ne, mahaifiyarta Dije kuwa 'ya'ya mata biyu Allah ya ba ta, Muhsina ce babba, sai Ruqayya.

Su biyun sun tashi suna buga wani jan ƙwallon roba mai baƙin faci a bayan gida, dab da tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonaki. A daminar 1992, bayan la'asar, ƙwallon ya faɗa ciki. Ruwa yana ta gudu, shi kuwa ya tsaya cik kusa da gaɓa, kamar an riƙe shi ta ƙasa. Muhsina ta miƙa hannu, Ruqayya tana kallo. Sai washegari aka sami gawar Muhsina a cikin ruwan, ƙwallon kuwa ba a sake ganinsa ba.

Karatu da wasa

A 1997 ta shiga wata kwalejin horar da malamai mata a yankin Rusairis, inda ɗalibai ke wasan ƙwallo a wani fili mai katanga, ba nisa da ruwan madatsa. Shekara uku tana tsaron raga, kuma ta shahara da kama ƙwallo ta rungume shi a ƙirji, ba ta yarda ta doke shi ya fita fili.

Aure

A 1999 aka ɗaura mata aure da Malam Bilyamin Jibril, ma'aikacin gwamnati a Damazin. 'Yarta ta fari ta ci sunan marigayiya Muhsina.

Horarwa

A 2003 kwalejin ta damƙa mata ƙungiyar ɗalibai. Takan bi iyaye mata gida gida, ta yi wa kowace alkawari guda: "Inna, ɗiyarki amana ce. Yadda kika ba ni ita, haka zan maido miki."

Takan duba takalma da ruwan sha da kanta, ta ƙirga 'yan wasa kafin a fara da bayan an tashi. Dokarta mafi tsanani ita ce, duk ƙwallon da ya tsallake katanga ya nufi ruwa, an bar shi ke nan. Ɗalibai har tsokanarta suke yi: "Ustaza, mu da kifi wa kike horarwa?" Ba ta taɓa yi musu bayani ba, har ita 'yarta Muhsina, don kada ta tsorata ta da sunan da take ɗauke da shi.

Rasuwa

A watan Satumba na 2018, ruwa ya cika har ya matso kusa da katanga. Ranar wata Talata bayan la'asar ta ƙirga ɗalibai, ta ga ɗaya ba ta nan. Ta leƙa ta ƙofar baya, sai ga Muhsina, wadda ta shiga kwalejin a shekarar, tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, ga wani ƙwallo a gabanta.

"Umma, ba namu ba ne, dokar ba ta hau kansa ba," in ji yarinyar, tana dariya tana miƙa hannu.

Ɗalibai goma sha huɗu sun shaida cewa jan ƙwallon roba ne mai baƙin faci, kuma bai motsa ba duk da iskar da ake yi. Gaɓa ta zame da yarinyar. Ustaza ta faɗa ruwa da tufafinta, ta tunkuɗo ta waje, ita kuwa ba ta fito ba.

An yi jana'izarta ranar Laraba da hantsi a Rusairis. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Muhsina, Mujahid da Muzammil. Ɗalibai ɗari biyu da tara ne suka bi ta hannunta cikin shekara goma sha biyar, kuma kowace ta koma wurin uwarta da ƙafafunta. Allah ya jiƙanta, ya karɓi shahadarta.