Shuɗin Motar Madam Filomina

Idan kwalta ta fantsama wa motarka a Keffi ka tambayi inda za ka kai ta, mutum uku cikin huɗu za su ce ka gangara Sabon Gari ka nemi Dabo Mai Fenti. Na huɗun kuwa baƙo ne. Rumfarsa tana bayan masu sayar da tayoyi, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro da ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba, amma a inuwarta Dabo ya ci abinci shekara talatin da biyar.

Ɗan unguwar Liman Abaji ne, gidan malamai. Ya yi karatu daidai gwargwado har ya sauke, sai dai abin da ya fi jan ransa tun yana yaro shi ne zayyanar allo. Shi ke dama launuka, ja da kore da ruwan ɗorawa, kuma in ya dama sau ɗaya, gobe ma haka zai damo ba ragi ba ƙari. Mahaifinsa ya so ya zauna a zaure ya gaje shi. Dabo ya bi wani mai fentin mota, ya koyi feshi, ya dawo gida yana warin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi. Tsohon ya yi fushinsa ya gaji, daga baya ya sa masa albarka.

Aikin kwalta ne ya fara fito da sunansa. Wasu in suka ga baƙin ɗigo a jikin mota sai su ɗauko reza, ko su kwarara mata fetur a tsakar rana, kwalta ta tafi, ƙyallin fenti ya bi ta. Dabo ba ya haka. Sai ya kai motar inuwa, ya bari jikinta ya huce. Ya jiƙa tsumman atamfa da kananzir, ya shimfiɗa a kan kwaltar, ya koma benci ya zauna abinsa. Mai gaggawa ya yi ta duba agogo, shi ko a jikinsa. In kwaltar ta yi laushi sai ya share ta a hankali, ya wanke da sabulu, ya goge da man ƙyalli. Masu mota da yawa sun yi masa tsiya cewa rabin aikinsa zama ne. Yakan ce, "To, zaman ne kuka kasa."

Amma abin alfaharinsa ido ne. Ba ya neman lambar launi a littafi. Yakan cire marfin tankin mai, ya fita da shi hasken hantsi, ya dube shi, ya koma ya yi ta ɗiga wannan a kan wancan a gwangwani har launin ya fito. In ya fesa ƙofa ɗaya, mai motar da kansa ba zai nuna maka wadda aka taɓa ba. Dabo ya san haka, kuma gaskiya ba ya ɓoye cewa ya sani.

Wata Talata Madam Filomina ta shigo da motarta. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, motar kuma Fijo ce mai dogon baya, ta mijinta marigayi. Dabo ne ya yi mata fenti shekara ashirin da suka wuce, shuɗi mai haske, launin da marigayin ya zaɓa daga wani zanen matarsa. Ta je Panda gaida 'yar uwarta, ta tarar ana malala sabuwar kwalta a hanya, gefen motar ya yi dabbare-dabbare. Wani mai wankin mota ya ce zai taimaka mata. Da soson ƙarfe da tina ya taimaka, ƙofar direba ta koɗe har ana ganin farin ƙasan fentin.

"Malam Dabo," in ji ta, "ni ba na son sabon kala. Yadda Baba, maigidana, ya bar ta, haka nake son ta."

"Madam, ni na haɗa launin nan," in ji Dabo. "Ki dawo Asabar."

Sauran kwaltar bai ba shi wahala ba, kwana ɗaya ya gama da ita. Ya goge ƙofar da samfefa mai laushi yana zuba ruwa, ya shafa da tafin hannu har ya ji ta yi sumul. Da ya fita da marfin tanki hasken hantsi, ya ce a ransa, lallai rana ta ci shuɗin nan, ya dusashe. Ya haɗa, ya gwada a wani guntun kwano, ya kara da marfin, ya ga daidai. Ya fesa.

Ranar Asabar Madam Filomina ta zo, ta tsaya a gaban ƙofar tana dubanta. Dabo yana jiran yabo. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Malam Dabo, wannan ƙofa ba ta motar Baba ba ce."

Ransa ya ɓaci. Ya kira Kabiru mai tayoyi, maƙwabcinsa na shekara da shekaru, ya ce ya zo ya faɗa wa Madam gaskiya. Kabiru ya zo, ya dubi ƙofar, ya dubi sauran motar, sai ya hau sosa ƙeya yana kallon mangwaro. Wannan sosa ƙeyar ta fi maganar Madam yi wa Dabo ciwo. Ya ce ta ba shi mako guda.

Bayan la'asar ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa Huraira tana tsakar gida tana ɗinkin hula, gwangwanin zarenta a gefe. Shekara talatin ke nan tana wannan sana'a. Ya ba ta labari yana ta faɗa, wai mutanen yanzu ba su san launi ba. Ta bari ya gama. Sannan ta ɗauko ƙullin zare biyu ta ɗora masa a tafin hannu.

"Baban Akram," ta kira shi da sunan ɗansu, "wanne ya fi duhu?"

Ya juya su, ya matsa wajen haske. "Ai iri ɗaya ne."

"Ba iri ɗaya ba ne," in ji ta. "Shekara guda ke nan in na aike ka sayen zare, sai in sake aiken 'yar maƙwabta a ɓoye. Na rasa yadda zan faɗa maka."

Dabo ya daɗe yana kallon zaren. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da gobara ta tashi a rumfarsa. Hannunsa lafiya lau, ƙafarsa lafiya lau, amma abin da ya sa ake kiran sunansa a garin nan ya sulale masa ba sallama.

Washegari ya kawo marfin tanki da gwangwanayen fenti gida, a cikin buhu don kada a gani. Da hantsi suka shimfiɗa tabarma. Shi ke ɗigawa yana juyawa, ita ke dubawa. "Shuɗin ya yi yawa. Ƙara fari." Ya ƙara. "Ɗan kore, ɗigo ɗaya. Na ce ɗaya, Baban Akram." Sau biyu yana tashi cikin fushi, ya kai zaure ya dawo. Mutumin da bai taɓa yarda wani ya leƙa masa gwangwani ba, yau ga shi yana jiran mai ɗinkin hula ta ce masa ya yi. Kwana uku suka yi a haka kafin ta kara guntun kwanon da marfin, ta dube su a rana, ta dube su a inuwa, ta ce, "Yanzu kam shi ne."

Ya sake goge ƙofar, ya fesa, ya bari ta bushe, ya fito da ƙyallinta. Madam Filomina ta zo. Ta zagaya motar sau biyu, ta dafa ƙofar da hannu, idonta ya cika da hawaye.

"Ita ce," in ji ta. "Malam Dabo, ka tsufa amma idonka bai tsufa ba."

Kabiru yana tsaye yana gyaɗa kai, da wasu makanikai biyu. Da Dabo ya yi shiru, da shi ke nan, babu wanda zai sani. Ya goge hannunsa da tsumma ya daɗe yana gogewa.

"Madam, hannun dai nawa ne," in ji shi. "Idon na Huraira ne. Nawa ya gaji."

Madam ta ce ya gaishe mata da ita, ta kuma ba shi sunan wani likitan ido da ya yi wa yayanta aikin cire yanar ido. Ya ce zai je, kuma da gaske yake.

Da motar ta fita, ya koma benci ya ɗauko guntayen kwanon nan biyu, wanda ya haɗa shi kaɗai da wanda suka haɗa da Huraira. Ya fita da su hasken rana, ya jera su a tafin hannu, ya kawo su kusa, ya nisanta su. Ya daɗe yana nema. Bai ga bambancin ba.